Shin Akwai Aljani a Cikin Wasa? Rahoto daga Gidan Rumji, Agye da Gazawa

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, in ya bar Madawa ya shigo Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri da gefen Maraɗi, sa'an nan ya miƙe gabas ta Cadawa da Agye har Gazawa, muddin tafiyar tasa ta faɗo bayan an kai hatsi rumbu, to, akwai abu guda wanda ba zai rasa gani ba a kowane gari: samari zaune bisa tabarma a gindin bedi, butar shayi tana tafasa a kan gawayi, a tsakiyarsu kuwa ko karta ko allon lido. Wannan zama shi ake kira fada, kuma tun wajen shekarun 1990 ya zama gida na biyu ga saurayin Nijar wanda ya gama lakwal ko ya bar ta, noma bai cika masa shekara ba, aikin albashi kuwa bai samu ba. Can gefe, nesa kaɗan da hayaniyar samarin, sai ka tarar da dattawa biyu sun tona gurabu talatin a cikin rairayi, jeri biyar na shida shida, ɗaya ya riƙe guntayen kara goma sha biyu, ɗaya kuwa tsakuwa ko busasshen kashin raƙumi, suna dara. Kowa ya fara dasa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, kana a shiga turawa, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. 'Yan kallo kuwa, waɗanda a kullum sun fi masu wasan iyawa, suna ta gyaran murya da ƙifta ido har ladan ya kira La'asar.

Ba wanda ke tsoron darar dattawa, iyakarta a ce ta cinye wa mutum wuni. Amma tabarmar samari ba ta taɓa rabuwa da zargi ba, zargin nan kuwa iri biyu ne, ko da yake masu yin sa sukan cakuɗa su. Na farko tsoho ne, yana da asali cikin littattafai: lido caca ce, karta ƙanwar caca ce, kuma dukansu lahawu ne mai shagaltar da mutum ga barin salla. Na biyu sabo ne, ya zo tare da salula, shi ne ka ji uwa tana cewa, “Malam, a taimake ni da addu'a, yaron nan tun da ya kama wasan nan na cikin waya ya sāke, ba ya ci ba ya barci, an ce akwai aljanu a ciki.” Na farkon magana ce ta fiƙihu, wadda ake zama a kanta da hujja; na biyun kuwa firgita ce, ita kuma firgita tana da nata tarihi, wanda ya kamata mutanen ƙasar nan su sani, domin wasu sun riga mu ɗanɗanarta, kuma abin da ta jawo musu yana rubuce.

A shekarar 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda wani ƙaramin kamfani da ake kira TSR ya buga a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Ba wasa ne da ya shigo kasuwar Cadawa ba, saboda haka bari in kwatanta shi. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye teburi, ɗaya daga cikinsu shi ne mai ba da labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin wani mutum na ƙage, wannan jarumi, wancan ɓarawo, wancan boka, a rubuta ƙarfinsa da wayonsa da makamansa a takarda da lambobi. Mai labari ya ce, “Kun iso bakin kogo, kun ji motsi a ciki, me za ku yi?” Ɗaya ya ce zai kunna wuta ya shiga, ɗaya ya ce zai tsaya ya yi tsaro. In abin da mutum ya yi niyya yana iya yiwuwa yana kuma iya ƙi, sai a jefa ɗan lido, wani mai fuska shida irin namu, wani mai takwas, wani har mai ashirin, lambar da ta fito ita ke yanke hukunci. Ba a zuba kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani. Tatsuniya ce kawai wadda masu sauraro ke da baki a cikinta, sai dai cikin littattafan wasan akwai dodanni da shaiɗanu da bokaye, kowanne da sunansa da siffarsa.

Shekara biyar ana wannan wasa ba wanda ya kula, sai a watan Agusta na 1979 wani yaro mai hazaƙa, James Dallas Egbert, ɗan shekara 16 wanda tuni yana karatu a jami'ar jihar Michigan, ya ɓace. Iyayensa suka ɗauko wani mai bincike mai zaman kansa, William Dear, shi kuwa da ya ji yaron yana wannan wasa sai ya yi zaton ko ya shiga ramukan bututun da ke ƙarƙashin jami'ar ne yana wasan a zahiri har ya ɓata. Zato ne kurum, amma 'yan jarida suka ɗauke shi tamkar tabbas, suka watsa ko'ina. Bayan kamar wata guda aka sami yaron a jihar Louisiana, kuma a shekara ta gaba ya kashe kansa. Sai a 1984 Dear ya rubuta littafi ya bayyana cewa abin da ya kori yaron daga makaranta ciwon damuwa ne, da nauyin burin da aka ɗora masa, da shan ƙwaya, wasan kuwa ba shi da wani hannu na a zo a gani. Amma kafin wannan bayani ya fito an riga an rubuta ƙagaggen labari a kan zaton farko, an kuma mai da shi fim a 1982, wanda Tom Hanks ya fito a ciki yana saurayi.

Wadda ta mai da abin jihadin rayuwarta kuwa wata uwa ce daga jihar Virginia, Patricia Pulling, wadda ɗanta ya harbe kansa a watan Yuni na 1982. Ta yi imani cewa an yi masa baki ne a cikin wasan, ta kai ƙarar shugaban makarantarsu, ta kai ƙarar kamfanin, kotu ta kori ƙararrakin, a 1983 kuma Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, ta shiga zagaya majami'u da makarantu da ofisoshin 'yan sanda tana koya musu alamomin da za su gane yaron da Shaiɗan ya kama. Ba na ganin ya dace mai hankali ya yi wa wannan mata dariya, gama wanda bai binne ɗansa ba bai san irin tambayar da ke hana uwa barci ba, kuma samun abin zargi a waje ya fi sauƙin ɗauka bisa zuciya fiye da a ce ciwon yana cikin gida ba a gani ba. Amma tausayinta bai mai da zancenta gaskiya ba. A 1984 wani mai buga ƙasidun wa'azin Kirista, Jack Chick, ya fitar da ƙasida mai zane wadda ke nuna wasan a matsayin ƙofar shiga ƙungiyar matsafa. A 1985 shahararren shirin talabijin ɗin nan 60 Minutes ya ware wa maganar fili. Makarantu da dama suka hana wasan, waɗansu iyaye suka ƙona littattafan 'ya'yansu. Kamfanin da kansa ya tsorata, har a bugun 1989 ya cire sunayen shaiɗanu ya sa waɗansu na ƙage a madadinsu, alhali kuwa cinikinsa ninkuwa ya yi tun bayan maganar Egbert, domin ba abin da ke tallata abu ga yaro kamar a ce masa kada ya taɓa. Da ƙura ta lafa, masu bincike ba su sami wata alaƙa tsakanin wasan da kashe kai ba, kuma a 1992 wani jami'in hukumar FBI, Kenneth Lanning, wanda ya shafe shekaru yana bin diddigin jita-jitar ƙungiyoyin matsafa masu yanka yara, ya rubuta cewa bai sami shaidar da ke tabbatar da su ba.

Faransa ma, wadda labarinta ya fi saurin iso mana nan, ta sha nata kason. A watan Mayu na 1990 aka tone kaburbura a maƙabartar Yahudawa ta garin Carpentras, aka wulaƙanta gawa, kuma da bincike ya daɗe bai kai ko'ina ba sai jita-jita ta koma kan waɗansu samarin garin, wai wasan kwaikwayon teburi ne ya kai su. A 1996 ɗaya daga cikin waɗanda suka aikata ya kai kansa ya yi iƙirari, sai ga shi 'yan wata ƙungiyar masu aƙidar Nazi ne. Shekarun da aka ɓata ana nuna yaran da ba su ji ba ba su gani ba, masu laifin suna yawonsu.

To, in da za a kawo wannan wasa a ajiye gaban wani malamin zaure a Tsibiri ko Gangara, me zai ce? Ina kyautata zaton ba ta kan dodanni zai fara ba, ta kan ɗan lidon zai fara, domin nan ne littafinsa ya yi magana a sarari. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai babi a kan nardu, watau wasan Farisawa na jefa ƙashi mai ɗigo, kuma a Sahihu Muslim akwai hadisin da ya kamanta mai yin sa da wanda ya tsoma hannu cikin nama da jinin alade, wanda shi ne asalin abin da dattawa ke faɗa wa 'yan lido har yau, ko da mafi yawansu ba su san inda maganar ta fito ba. Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda kowane ɗalibi a ƙasar nan ke karantawa bayan ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta hana nardu ta hana shaɗaranji, ta kuma karhanta zama wurin masu yi da kallonsu. Muhtasar na Shaihu Halil ya kai maganar har gaban alƙali, inda ya lissafa wasan nardu da dawwama kan shaɗaranji cikin abubuwan da ke zubar da muru'ar mutum har a ƙi karɓar shaidarsa. Saboda haka wanda ya ce malamai sun ƙirƙiri ƙyamar lido ne don ƙin zamani bai yi musu adalci ba; hukuncin ya girmi Amurka da ɗaruruwan shekaru.

Amma a lura da yadda malaman nan suka bi mas'alar, domin a nan ne darajarsu take. Sun nemi illa, watau dalilin hani, suka ce nardu ya dogara ne bisa sa'a tsantsa, ya yi kama da kiban ƙuri'a na Jahiliyya waɗanda Suratul Ma'ida ta haɗa da giya da caca, shaɗaranji kuwa ya dogara bisa tunani, shi ya sa Shafi'iyya suka tsaya a kan karhanci muddin ba kuɗi, ba zagi, ba a kuma fitar da salla daga lokacinta. Har akwai 'yan kaɗan daga magabata da aka ruwaito sun sassauta a kan nardun kansa in ba a sa dukiya ba. Suka rarrabe tsakanin mai yi sau ɗaya da wanda ya mai da shi sana'a, tsakanin mai ɓoyewa da mai bayyanawa. Ita Risalar da ta hana wasan, a wuri guda ta ce ba laifi a yi wa masu yin sa sallama, watau mai lido mai saɓo ne a wurinta, amma yana nan Musulmi, ɗan'uwa, ba a yanke shi daga jama'a ba. Ba kuma a cikin Risala ko Muhtasar aka kafa hanin bisa cewa aljani yana zaune cikin allon wasa yana jiran ya shiga jikin yaro ba. Wannan magana ta wani wuri ta fito.

Inda ta fito ba shi da nisa ga mutumin Gidan Rumji. Tsibiri, wadda Gobirawa suka kafa a 1836 ƙarƙashin sarkinsu Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke, da Maraɗi wadda Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga masu jihadi suka zauna, garuruwa ne da suka riƙe tsofaffin sarautu yadda suke, har da sarautar Inna a Gobir da ta Iya a Maraɗi, matan gidan sarauta waɗanda 'yan bori ke ƙarƙashin ikonsu. A ƙasar nan ba a buƙatar littafi daga Wisconsin kafin a san sunayen iskoki. An san birninsu Jangare da gidajensa. An san Malam Alhaji, tsohon malami mai tari da tasbaha. An san Sarkin Rafi da haukansa, da Kure, da Doguwa. An san Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da kyauta wanda, abin mamaki, shi ma ɗan caca ne. Kowannensu da tufafinsa da muryarsa da kiɗan da ke kiransa a garaya ko goge. Baƙon da ya ga wannan daga nesa yana iya cewa ai wasan kwaikwayo ne, amma ba ɗan bori ba malami, ba wanda zai yarda da shi, domin su biyun, duk da gabar da ke tsakaninsu tun zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u, sun haɗu a kan cewa abin da ke hawa kan mutum gaskiya ne, saɓaninsu a kan halaccin hulɗa da shi ne. Inda malamai suka ɗora kalmar shirka kuwa shi ne yanka domin iska, da neman lafiya ko haihuwa ko arziki a wurinta, da ƙudurta cewa tana amfanarwa ko cutarwa da ikon kanta.

In an auna wasan teburi da wannan ma'auni sai a ga bambancin a fili. Yaron da ya ce bokansa na takarda ya jefa wa dodo wuta bai yanka kaza ba, bai roƙi kowa kome ba, ya kuma san cewa dodon nan lamba ce a shafi kaza wadda wani ma'aikacin kamfani ya rubuta don a biya shi albashi. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa mai hikayar kafirci ba kafiri ba ne, in ba haka ba da ba mai karantar da tarihin Fir'auna. Na san akwai malamin da zai amsa mini da saddu zari'a, ya ce ko da ba shirka ba ne, sabar wa yaro jin daɗin sihiri, ko na wasa ne, yana rage masa ƙyamarsa a zuci. Wannan magana ce mai nauyi, uba yana da haƙƙin ya yi aiki da ita a gidansa, kuma ba na ganin wanda ya ɗauke ta ya yi wauta. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya tashi daga “ina ƙin wannan” ya faɗa “wannan ne ya haukata ɗan wane”, domin na biyun da'awa ce a kan abin da ya faru, ita kuwa da'awa sai da shaida.

Game da ɗaukar matsayin wani kuwa, wanda shi ne ya fi tayar wa Amurkawa hankali, har suka ce yaro zai manta ko shi wane ne, Bahaushe ya daɗe da sanin amsar. Wace kaka ce ba ta shigar da jikokinta kogon Dodo da dare ba, ta yi muryar Gizo da tsamin bakinsa, ta yi ta Ƙoƙi, yara suna maƙale da juna don tsoro, da an ce ƙurunƙus kuwa kowa ya tashi ya nemi shimfiɗarsa? Iyakar shingen da aka sa shi ne kada a yi ta da rana, aka ce mai yi zai ɓata, wanda ko yaro in ya girma yakan gane dabara ce ta kada hira ta hana aiki. Daga goma ga watan azumi yara sukan fita tashe, wani ya manna gemun auduga, ya rataya buzu, ya riƙe allo, ya kwaikwayi malam a ƙofar gidan malam, malamin kuwa ya yi murmushi ya ba da sadaka. A kalankuwa, bayan kaka, samarin ƙauye sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da likitansu da 'yan dokarsu, a yi shari'a a ci tara, kwana biyu ko uku mulki yana hannunsu. A Damagaram kuwa ga wasan kara, inda talaka ke shigar gwamna ko minista, a yi masa tabarau da bindigogin dogarai da karan dawa, wani lokaci a gaban mai muƙamin na gaskiya. Ban taɓa jin an ce sarkin kalankuwa ya wayi gari ya tafi karɓar haraji ba.

Waɗanda suka taɓa firgita da irin wannan shiga a ƙasar Nijar, har suka ɗaure mutane a kanta, Nasara ne. A 1925, a yankin Filinge, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan waɗansu sababbin iskoki, Babule ko Hauka, masu siffar sojan Faransa, suna fareti suna ba da oda. Kumandan Crocicchia ya sa aka kama su aka tsare a Yamai aka wulaƙanta su, abin da ya samu kuwa shi ne shi kansa ya zama ɗaya daga cikin iskokin, ana hawansa da sunan Kumandan Mugu. Bayan shekara talatin, da Jean Rouch ya nuna fim ɗin da ya ɗauka na 'yan Hauka a Ankara ta Gwalkwas, hukumar Ingila ta hana nuna shi a can. Bori ne ba wasa ba, na sani, amma abin da ya tsorata masu mulki ba aljanin ba ne, ganin talaka sanye da kamanninsu ne.

Ranar da tsoron lalacewar tarbiyya ya zama wuta a jihar Maraɗi kuwa, manya ba su manta ba. A watan Nuwamba na 2000, shekarar farko ta mulkin Tandja Mamadou, aka shirya bikin nunin tufafi na FIMA karo na biyu, a kusa da Yamai. Ƙungiyoyin addini suka yi tir da shi, zanga-zanga ta tashi a babban birni, ta kuma tashi a Maraɗi, wadda ke nesa da wurin bikin da fiye da kilomita 600. Da yake masu nunin ba sa kusa, sai fushin ya sauka kan wanda ke kusa: mashaya, da gidajen mata masu zaman kansu, da rumfunan tiyarse inda ake cacar sukuwar dawakin Faransa, da majami'a, da gidan Iya. Barbara Cooper, masaniyar tarihi wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta bi wannan tarzoma daki daki, ta nuna yadda matan da ba su da miji suka zama abin huce haushi. A tuna kuma da halin da ake ciki a lokacin: an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, albashi yana makara, samari ba aiki, a tsallaken iyaka kuwa Zamfara ta fara aiki da shari'a a farkon shekarar nan ta 2000, kowa yana jin labari a rediyo. Ƙuncin gaskiya ne, caca kuma haramun ce ba musu, amma ƙona rumfa bai ƙara wa kowa tiyar hatsi ba, gwamnati kuwa ta rusa waɗansu ƙungiyoyin addini a sanadiyyar abin.

Daga nan firgitar ta riƙa zuwa kashi kashi. A 2001 malaman Sa'udiyya suka ba da fatawar hana katunan Pokémon, bisa hujjar caca da aƙidar Darwin da alamomin da ke jikinsu. A watan Mayu na 2015 wasan Charlie Charlie ya zagaya duniya ta intanet, inda yara ke gicciye fensir biyu bisa takarda suna kiran wani aljani, fensirin sama kuwa, da yake a kan tsini yake, numfashin mai tambaya kaɗai ya isa ya juya shi. Wannan kam, ko da ƙarya ne, kira ne ga gaibu da niyyar a amsa, saboda haka malamin da ya hana shi yana kan hujja fiye da wanda ya hana lido. Tsakanin haka kuma ga faɗuwar 'yan mata a makarantu, wadda Kano ta gani a tsakiyar shekarun 1990 da sunan Sumbuka, Nijar kuma ta sha gani a kwalejoji daban daban, har 'yan jarida suka laƙaba wa abin “génie tchatcheur”. Duk lokacin da irin wannan ta faru a gari, sai an nemi abin da yaran suka taɓa, ko suka kalla, ko suka buga, ba a cika tambayar ko su nawa ne a aji, ko sun karya kumallo, ko an yi wa wata baiko da wanda ba ta so ba.

Gidan Rumji kuwa ta san abin tsoro na haƙiƙa, tun daga 2019 da dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, har aka zaunar da waɗansu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A irin wannan ƙasa, saurayin da ke zaune a fada da dare, inda kowa ke ganinsa, yana jefa ɗan lido yana jiran shayi na uku, ba shi ne ya kamata ya fi hana uba barci ba. Sau da yawa ma 'yan fadar nan su ne masu gadin unguwa, su ne masu haƙa kabari, su ne masu tara kuɗi in ɗayansu zai yi aure ko ya kwanta asibiti. In uba ya bi Risala ya ce a ɗauke lido a kawo dara, ya yi abin da littafinsa ya ce, ba mai ganin laifinsa, sai dai ya kyautu ya yi sallama kafin ya faɗa.

Abin da na fi jin tsoro a kansa ba ya bisa tabarma. Yana cikin aljihu, a salular da ake tura mata kuɗi daga shagon mai caji, inda yaro ke zuba jika ɗaya a kan wasannin ƙwallon Ingila da Sifen guda goma, da fatan in duk suka faɗo yadda ya zaɓa ya wayi gari da kuɗin babur. Ba allo, ba ɗan lido mai ƙara, ba taron da zai ja hankalin mai wucewa. Yana iya yi a ɗakin uwarsa, yana iya yi a sahun baya kafin a ta da iƙama. Wannan ita ce maisir da sunanta, wadda Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya ba su yi saɓani a kanta ba, kuma kuɗin da take ci na taki ne da na iri da na cin rani, waɗanda aka wahala kafin a samu. Duk da haka ban ji ana rantsuwa cewa akwai aljani a cikinta ba, kuma uwar da ta je wurin malam saboda wasan dodanni na cikin waya, in ta ga ɗanta ya ƙura wa jerin sunayen kulob ido, sai ta ɗauka sakamakon ƙwallo yake dubawa.